Zurmar Saloma

Duk wanda ya bi ta bayan garin Zuru, ta gindin dutse, zai ga wata gonar zurma da aka shuka tsilla-tsilla, har mutum ya tsaya a wannan baki ya hango akuyar da ke kiwo a wancan. Gonar Saloma ce. Masu wucewa sukan ce matar nan ta san aikinta. Ba su san irin wuyar da ta sha kafin ta sani ba, ita kuwa ba mai surutu ba ce, balle ta zaunar da mutum ta ba shi labari.

An haifi Saloma a wani ƙauye na kan tudu, can wajen Wasagu, inda yarinya ke iya riƙe fartanya tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Tana tasowa Aaron ya ƙyalla ido ya gan ta, ya shiga golmo dominta, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Baban Saloma mutum ne mai wuyar gamsuwa, kullum sai ya sami kunyar da ta karkace. Aaron sai ya yi dariya ya sake ta. Da dariyar nan ya gama golmonsa, da ita ya ɗauki matarsa. Suka sami 'ya mace, matar fasto ta zaɓa mata suna Peculiar, sunan da har yau babu tsohuwar da ta faɗe shi daidai.

Wata ranar damina, da la'asar, Saloma tana cikin dawa tana tsinkar rama, da yarinya goye a bayanta. Aaron yana can gefe cikin gonar gyaɗa. Sai ƙarar babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta kwanta a cikin kwarin kunya, ta jawo yarinyar ƙarƙashinta, ta toshe mata baki da tafin hannu. Ta tsakanin karan dawa ta hango mijinta ya miƙe yana waige-waige. Gonar gyaɗa kuwa ko zomo ba ta ɓoyewa. Ya yi gudu, amma bai yi nisa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi zama mata a rai. 'Yan bindigar suka kamo wata maƙwabciyarta, suka tsayar da ita a bakin gona da bindiga a ƙeya, suka ce ta kira 'ya'yanta. Ta kira. Yaran suna kwance lafiya cikin dawa, suka ji muryar uwarsu, suka fito. Har yau ba a sake ganinsu ba.

Saloma ta tashi daga wannan kunya da abu biyu a ƙirjinta. Fili yana kashewa, duhuwa tana ceto. Kuma wanda ya amsa kira ya halaka.

Ta dawo Zuru wurin Hannah, yayar Aaron, matar soja ce, mijinta yana can bakin daga, ita ke riƙe da gida. Hannah ta ba ta ɗaki, ta ba ta tukunya, ta ja ta zumuntar matan coci. Sai dai tsoro ba kaya ba ne da za a sauke wa mutum a ƙofar gida. A coci Saloma bakin ƙofa take zama. Ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu, sai ludayi ya faɗi daga hannunta. Kuma kowace safiya, tana yi wa Peculiar wanka, sai ta yi mata bita.

"In kin ji babura da yawa, mi za ki yi?"

"In shiga duhu."

"In anka kira ki fa?"

"Ba ni amsawa."

"Ko muryata kinka ji?"

"Ko muryarki, Mama. Sai kin taɓa ni da hannu."

Hannah ta sha yi mata faɗa a kan wannan. "Saloma, yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba kike cusa ma wannan abu? Nan Zuru ne fa." Saloma ba ta musu. Sai ta ce to, gobe kuma ta maimaita.

Gonar ta samu ne ta hannun wani tsoho maƙwabcinsu, Nagoggo, wanda dā mai shanu ne, yanzu sai 'yan awaki da yawan magana. Yana da wani fili mai tsakuwa a gindin dutse, ya ce ta je ta noma, ya fi a bar shi ga ciyawa. A daidai lokacin wani malamin gona ya zo wa matan zumunta da irin zurma. Ya ce akwai masu sayenta su tatsi mai, ba ta ƙin ƙasa mai tsakuwa, dabba kuma ba ta cika damunta ba. Amma ya ja kunnensu a kan abu guda. Ya ce tsakanin rami da rami a yi babban taku, irin na mai sauri, in ta fito kuma a bar ƙwaya ɗaya a kowane rami. Zurma, in ji shi, da reshe take haihuwa, kowane reshe da kansa na 'ya'ya, reshe kuwa ba ya fita sai rana tana dukan jikinta ta kowane gefe.

Saloma ta ji duk wannan, har da gyaɗa kai. Abin da ya shiga kunnenta sosai kuwa shi ne da ya ce zurma tana wuce tsayin mutum, ganyenta kuma fiye da faifai. Tun a wurin ta ga gonarta a zuci, ba kuwa buhunan zurma ta gani ba. Ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya tana roƙon ragowar irinsu. Ranar shuka ta yi rami kusa da rami, ko tafin ƙafa ba ya shiga tsakani, kowanne ta zuba masa ƙwaya uku, wani huɗu.

Nagoggo ya zo ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wanga mi kike shukawa? Zurma ko shinkafa?"

"Zurma ce, Baba."

"To ai kin haɗa su faɗa. Waɗanga in sunka tashi, kowace wuyanta za ta miƙa tana neman rana, ba mai samun sukunin haihuwa. Ubana ya yi zurma bayan gida, guda ɗaya sai ta yi inuwar da mutum zai kwanta. Ki rage su tun suna ƙanana."

"Zan rage, Baba."

Ba ta rage ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, da farko gonar ta yi kyan gani. Ta fito kore shar, ta rufe ƙasa, ciyawa ma ba ta sami wurin tsira ba. Ta sauran mata kuwa ga ta nan tsilli-tsilli, abin tausayi. Kafin tsakiyar damina ta Saloma ta wuce kanta, ta zama bango. A ƙasa, kusa da bakin gona, ta buɗe wata 'yar kafa daidai rarrafen mutum, ta nuna wa Peculiar. A makon nan ne Hannah ta fara jin Saloma tana 'yar waƙa in tana tuƙa tuwo.

Daga nan abin ya fara nuna halinsa. Karan suka yi tsawo, sirara, marasa ƙwari. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube. Reshe babu. 'Yan furannin da suka leƙo a can sama, ruwa ya dake su, iska ba ta ratsawa ta busar, suka yi funfuna suka ruɓe. Ta sauran mata kuwa ta baje, kowace ta yi rassa, kawuna sun fara nauyi. Sannan wata rana ɗan akuyan Nagoggo ya kutsa ciki, ya fito yana jan ƙafa a kumbure, kafin magariba ya mutu.

"Kububuwa ce," in ji Nagoggo. "Sanyi da duhu take so, kin kuwa gina mata gida. Ɗiyata, don Allah ki buɗe gonar ga."

Jikin Saloma ya yi sanyi, ba ƙarya. Ta kwana biyu tana juya maganar. Amma maciji ba ya zuwa a kan babur, kuma ba ya sa uwa ta kira ɗanta. Ta ce jibi za ta rage. Jibin ta zo ta wuce.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, bayan la'asar, hadari yana haɗuwa a kan dutse. Saloma tana tsinkar kuɓewa a gefen gona, Peculiar tana zaune kusa tana jera tsakuwa tana yi musu magana. Sai ƙarar babura ta taso daga hanya, da yawa, suna matsa oda. Sai kuma harbi, tau!

Saloma ba ta san lokacin da ta zube ƙasa ba. Fuskarta cikin ƙasa, bakinta cike da yashi, ƙirjinta yana dukan kunya. Ta ji warin dawar ƙauyensu a hancinta, ta rantse ta ji. Tana nan kwance sai ta ji guɗa. Sai ganga. Sai muryoyin samari suna kiran sunan Justice, ɗan wata maƙwabciyarsu, soja, wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Ashe shi ya dawo da ransa, abokansa 'yan kabu-kabu suka rako shi daga tasha, wani mai rawar kai kuma ya saki bindigar toka sama.

Ta tashi zaune, ta tofar da yashi, har da 'yar dariyar kunya. Ta juya ta ce, "Peculiar, kin ga uwarki..."

Tsakuwa na nan a jere. A bakin 'yar kafar nan, takalmi ɗaya.

"Peculiar! Hito, ba komi. Biki ne."

Shiru. Ganyen zurma kawai ke kaɗawa.

"Peculiar! Ni ce, Mama ce!"

Tana rufe baki ta ji abin da ta faɗa. Yarinyar tana ciki, tana jin ta sarai, kuma ba za ta amsa ba. Duk yadda ta ɗaga murya, duk yadda ta yi magiya, haka yarinyar za ta ƙara lafewa, don abin da aka ce mata zai faru ke nan. Saloma da bakinta ta koya mata, kowace safiya, da soso a hannu.

Ta durƙusa ta kutsa kafar. Ciki duhu, zafi, ga warin ruɓaɓɓen ganye. Ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta. Kara ta ko'ina, sun matse mata kafaɗu, inda yarinya ta sulale babba ba ya wucewa. Ta lalubi ƙasa, hannunta ya sauka a kan wani abu mai laushi, busasshe. Ta ɗago shi kusa da ido. Saɓar maciji ce.

Ihun da ta yi shi ya kawo Hannah da Nagoggo, da wasu daga cikin masu bikin. Saloma ta fito da baya, ta fizgi adda, ta ɗaga za ta sara. Nagoggo ya riƙe mata hannu, da ƙarfin da ba a zaci tsoho yana da shi ba.

"Aje ta! Kin san inda take kwance? In kinka sare ta fa?"

Addar ta faɗi. Samari suka fara kewaya gona suna ƙwala kiran sunan yarinyar. Saloma ta bi su da gudu tana roƙo. "Ku yi shiru, don Allah ku yi shiru! Muryar maza ce, za ta ƙara shigewa!" Suka tsaya suna kallonta kamar ta zautu. Hannah ce kaɗai ta gane, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Da hannu za mu bi," in ji Nagoggo. "Kowa shi kama layi. A karya, a duba ƙasa, a taka a hankali."

Haka aka yi. Aka jeru a bakin gona, ba mai magana. Karan nan sirara, marasa ƙwari, da an tanƙwara sai su karye, ɓas. Wanda ya yi kauri ya ƙi karyuwa, a bar shi a wuce, ba lokacin kokawa da shi. Kafin a ɗaga ƙafa sai an zura ido, sai an kaɗa ganye da sanda. Saloma ce a gaba, ba sanda, da hannu take share ƙasa, Hannah tana ce mata ta yi hankali, ita ko a jikinta. Abin da take gani a ranta kawai shi ne ƙafar ɗan akuyan nan, da ƙafar 'yarta, siririya, ba takalmi.

Iska ta taso. Aka fara yayyafi. Haske yana raguwa, gonar da take gani 'yar ƙarama yau ta ƙi ƙarewa. Kowane karan da ta karya, ita ta shuka shi, ita ta ƙi cire shi. Tana karyawa tana magana ƙasa-ƙasa, ba da Allah kaɗai ba, har da Aaron. Tana ce masa ya yi haƙuri, ita ɓoye masa 'ya ta so yi.

Can wajen tsakiya, inda ruwa ya taɓa zaizaye wani ɗan kwari, ta tanƙwara wasu kara, haske ya faɗa ciki. Ta ga rigar shuɗiya.

Peculiar tana tsugune, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, tafin hannunta a kan bakinta. Ba ta motsi. Saloma ta kasa kiran sunanta. Ta miƙa hannu, ta taɓa mata wuya. Da ɗumi. Yarinyar ta ɗago.

Ashe a kan gidan cinnaku ta tsuguna. Sun hau ƙafafunta har cinya, baƙi ƙirin, fatar duk ta yi rudu-rudu. Hawaye sun wanke mata fuska, sun bi ta tsakanin yatsunta. Ta ciji tafin hannunta har ya fashe. Saloma ta sure ta, tana kakkaɓe cinnakun, tana jujjuya ƙafafun tana neman shaidar haƙori. Babu. Sai yarinyar ta kawo baki kusa da kunnenta, ta yi raɗa.

"Mama, ban amsa ba. Kin yi ta kira, ban amsa ba. Na yi daidai?"

Saloma ta rungume ta kawai, ruwa ya sauko a kansu.

Gonar ta kwana kamar shanu sun bi ta kai. Kowa ya ce ta tashi aiki. Amma bayan 'yan makonni, waɗannan masu kaurin da aka bari tsaye ɗaya-ɗaya suka sha rana, suka sha iska, suka fara fid da reshe ta ko'ina. Da kaka kawunansu har sunkuyawa suke. Ɓangaren da ba a kai gare shi ba a ranar, wanda ya zauna a cunkushe, abin da aka samu a cikinsa bai cika ƙwarya ba. Kada wani ya zaci Nagoggo ya yi kawaici. Ya faɗi "ai na gaya miki" har Hannah ta fara tare shi tun daga ƙofa.

Saloma ba ta damu da wannan ba. Damuwarta tana gida. Tun daga ranar, in dai a waje ne, Peculiar ba ta amsa kira. A ɗaki za ta yi surutu har a gaji. Amma a tsakar gida, ko a hanyar coci, ka kira sunanta, sai ta tsaya cik, hannu ya tafi baki. Saloma ta daina bitar wanka. Ta fara wata sabuwa, tana ce mata in Mama ta kira a amsa. Yarinyar sai ta dube ta da manyan idanu, tana neman gane ko gwada ta ake yi.

Da damina ta zagayo, Saloma ta fita shuka. Ta yi rami, ta yi babban taku, ta yi wani. Tsakanin ramukan nan fili ne fetal, kuma kowane taku sai ta ji bayanta a buɗe, kamar ana hango ta daga kan dutse. Sau da yawa hannunta ya kai ga ƙwaryar iri zai ƙara rami a tsakani. Ta san sarai abin da take yi. In waɗancan 'yan bindiga suka zo da gaske, gonar nan ba za ta ɓoye kowa ba. Ta zaɓi gonar da za ta riƙa ganin 'yarta a ciki, ta kuwa zaɓa ne da tsoronta, ba wai ya tafi ba.

Zurma ta tashi, ta baje, kowace da inuwarta. Wata ranar da hantsi Saloma tana wannan baki tana noma, Peculiar tana can ƙarshen layi tana bin fara. Sai ga 'yan kabu-kabu sun biyo hanya, su uku ko huɗu, suna tsere. Saloma ta dafa fartanya ta tsaya.

Ta tsakanin layi tana hango yarinyar tar. Peculiar ta daskare a tsaye, tana waige-waige, tana neman duhun da za ta shiga, babu. Yadda ta juya wuya, sak ubanta a gonar gyaɗa.

"Peculiar!"

Hannun yarinyar ya tashi, ya nufi baki. Ya kai haɓa. Ya tsaya a nan.

Saloma ba ta matsa ba, ko da yake duk jikinta yana ce mata ta ruga ta taɓa ta. Ta sake kira, a hankali, yadda ake kiran yaro cin tuwo.

"Peculiar."

Ƙarar baburan ta yi nisa. Daga can ƙarshen layi, wata 'yar murya, siririya, da ƙyar iska ta kawo ta.

"Na'am, Mama."